Ƙasar Takalmin Hagu

Wata rana, wata Alhamis da hantsi, wata mata a unguwarmu ta tsaya a ƙofar ɗakin ɗanta riƙe da bokitin ruwa. Ta kasa shiga, ta kasa komawa.

Bari mu kira ta Yalwa.

Yaron shi ne ɗanta na fari. Sunansa Munzali, amma shekara ashirin da tara ke nan bakinta bai taɓa kama sunan ba. Kun dai san kunyar ɗan fari. Yana ƙarami, "kai yaro" ne. Da ya shiga aikin soja sai ta samu sauƙi, ta bi bakin 'yan unguwa tana cewa "Soja".

Ba ta shiga ɗakinsa. Ba ta zama su yi hira. In ta zuba masa tuwo, a bakin ƙofa take ajiyewa, ta yi gyaran murya, ta juya.

Haka ta ga uwarta ta yi, haka ta yi.

Shekara guda da wata biyu da suka wuce aka dawo mata da shi daga daji, can gabas, inda yake aiki a cikin tankar yaƙi. Ya tafi da ƙafa biyu, ya dawo da ɗaya da sanduna. Ta hagu ce babu.

Kafin a sallamo shi daga asibiti, Yalwa ta bi gidan nan lungu-lungu ta tsince duk wani takalminsa na hagu. Silifas, na sallah, har da ƙaton takalmin aikinsa da ya zo cikin jakarsa, taɓo ya bushe a jikinsa kamar ƙanzo. Ta kasa wankewa, ta kasa yarwa. Ta ƙunshe shi a tsohon zani ta cusa can ƙasan adakarta.

Ita dai kada idonsa ya faɗa a kai.

Ya dawo ba ya magana. Gaisuwar safe, gaisuwar yamma, shi ke nan. Yalwa ta ce lokaci ne, zai wuce.

Sai wata huɗu da suka wuce wani abokin aikinsa ya aiko masa da wani kwali daga Legas. Tun daga ranar barcin rana ya ƙaurace mata.

Na farko dai wari. Wani wari mai hawa kai yana fitowa ta ƙasan labulensa, irin wanda take ji a wajen masu faci, irin wanda yaran bayan kasuwa ke shaƙa a tsumma. Sholisho. Ta ce a ranta a'a, hancinta ne.

Sai kayanta suka fara tafiya. Ƙaramar rariyarta ta tankaɗe. Matsefatar da take cire ƙaya. Tandun kwallinta. Gishirin ma da ta auna da safe, da yamma sai ta ga ya yi ƙasa.

Wata safiya ta leƙo daga madafa, ta gan shi ya jingina da garu, ya kama akuyarta yana yankar gashin wutsiyarta da almakashi. A hankali, sili-sili, kamar mai zaɓen shinkafa.

Wata rana kuma ya shigo da tsofaffin ƙusoshi cike da aljihu, ya tsinki lemon tsami uku, ya shige ɗaki.

Ga kuma wayar ranar Lahadi. Kowace Lahadi da azahar sai ta ji muryar wata mace a wayarsa, shi kuma yana cewa, "To, Mama. Saura kaɗan, Mama."

Wace Mama? Ita dai Inna yake ce mata.

Duk wannan tana haɗiyewa. Ciki ai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Sai ran Litinin maƙwabciyarta Lantana ta shigo, ko zama ba ta yi ba.

"Yalwa, kin san ni ba mai yawo da baki ba ce."

Duk unguwa an san ita ce.

"Jiya maigidana Malam yana fita masallaci, ɗanki na zaune a dakalinmu. Malam na wucewa ya sunkuya da cokali yana kankarar ƙasa, daidai inda ya taka. Ya ƙulle a leda. Da idona, ba labari ba."

"Ƙila wani abu ne ya faɗi masa."

"Da cokali? Ƙasar sawu, Yalwa. Ni da ke mun san abin da ake yi da ƙasar sawu. In Malam ya yi ko da tari ne, na san ƙofar da zan buga."



Mijinta ya daɗe da rasuwa, don haka ta zari mayafi sai gidan yayanta, Sabi'u. Ta zayyana masa komai, tun daga wari har cokali.

Ya girgiza kai. "Shaye-shaye da bin bokaye ai Hassan da Husaini ne. Inda kika ga ɗaya, ɗayan na bayan ƙofa."

"Ko dai kai za ka yi masa magana, Yaya?"

"Mai shan sholisho ake yi wa magana? Rantsuwa zai yi miki har da hawaye. Akwai wani gidan mari a bayan gari, na san mai shi. Wata uku ya dawo miki garau."

"Yaya, ƙafa ɗaya gare shi. A ina za su sa marin?"

"Su suka san aikinsu."

Aka tsayar da magana. Ran Alhamis Munzali yakan je asibiti da safe a gasa masa ƙafa, ya dawo a gajiye. Bayan la'asar Sabi'u zai zo da mutum biyu. Ita kuma kafin nan ta haɗa masa kaya, ta kuma fitar da duk wani abin da ta tarar a ɗakin.

Kwana ukun nan Yalwa ba ta san yadda suka wuce ba. Ta zuba gishiri sau biyu a miya. Ta bar tuwo ya kama. Ta yi sallar azahar ta kasa tuna ko raka'a uku ta yi ko biyar. Ta zauna ta tashi, ta tashi ta zauna. Sau uku tana zuwa bakin ƙofarsa, tana jin motsinsa a ciki, ta buɗe baki, sai ta koma ta ɗauki tsintsiya tana share inda ta riga ta share.

Shi ne ran Alhamis ɗin, bayan ya fita, ta tsaya a ƙofar da bokitinta.

Ta yi bisimilla ta ɗaga labule.

Ɗakin tsaf yake, gado a gyare irin na barikin soja. Teburin da ke gindin taga ne ya tsayar mata da numfashi.

Ga kwalba, ƙusoshi a ciki sun jiƙa cikin wani jan ruwa. Ga gashin akuyarta an ɗaure shi a kan tsinke da zare. Ga tandun kwallinta, ga gishiri a murfin kwalba, ga rariyarta. Ga ƙulle-ƙullen ƙasa a leda, sun fi goma, ja da fara da ruwan toka.

A tsakiya kuma wani abu an kife shi da kwando.

Ta ɗaga kwandon da bakin tsintsiya.

Tankar yaƙi ce. 'Yar ƙarama, tsawonta bai wuce tafin hannu biyu ba, amma komai nata ya cika. Dogon bakin bindiga, ƙofofi, 'yan fitilu kamar ƙwayar gero. Har da 'yar buta an ɗaure a bayanta.

Sai dai ba sabuwa ba ce kamar abin wasan yara. Fentinta ya ɓaɓɓare a gefe-gefe. Tsatsa ta zubo daga kowace ƙusa kamar sawun hawaye. Gefe guda ya yi baƙi ƙirin, kamar wuta ta lashe shi. Sai ka ce daga rami aka tono ta.

Sarƙar ƙafafunta ce kawai fes, ko ƙura babu.

A ƙofar gaba kuma ga wani ɗan mutum-mutumi, bai kai gaɓar yatsa ba, ya leƙo rabin jikinsa. Yana da ido. Yana da ɗan gashin baki.

A jikin katakon da aka ɗora ta an manna 'yar takarda. Yalwa a aji huɗu aka cire ta daga makaranta, amma ta bi rubutun da yatsa har ta haɗa shi.

Bitrus.

Suna, mutum-mutumi, ƙusa, gashi, ƙasa. Me ya rage kuma?

Ta kwashi ƙulle-ƙullen ta fita tsakar gida. Tana karanta Falaƙi da Nasi tana kwancewa tana zubawa a kwata. Ta tuntsurar da ruwan ƙusoshin a kai.

Da ta koma sai ta ga wani ɗan gwangwanin man zafi a bayan kwalbar, an naɗe shi da farin hankici. Ta buɗe. Ƙasa ce ita ma, amma ba irin tamu ba. Baƙa, mai laushi, ba ta fi cokali uku ba.

Ta ce lallai wannan ce uwar aikin, tunda ita aka yi wa likkafani.

Ta juye ta a kwata. Ta bi ta da ruwan bokiti gaba ɗaya, har sai da ta ga siminti ya fito fari.

Saura tankar. Ita wuta za ta ci. Ta koma ɗakin, ta naɗe hannunta da gefen zani don kada ta taɓa da fata, ta miƙa hannu ke nan.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Sanduna a zaure. An gama masa da wuri.

Ya ɗaga labule ya ga uwarsa a tsakiyar ɗakinsa, abin da bai gani ba tun yana ɗan makaranta. Ya dubi teburin. Ya dubi gwangwanin a buɗe, hankicin a ƙasa.

Bai ɗaga murya ba. Ya jingina sandunan, ya zauna a bakin gado, ya ɗauki gwangwanin ya shafa cikinsa da yatsa. Yatsan ya fito ba komai.

"Inna, ƙasar da ke cikin nan fa?"

"Tana kwata. Na bi ta da ruwa."



Tsoro ne ya buɗe mata baki, ba ƙarfin hali ba.

"Wane ne Bitrus? Me ya yi maka da za ka yi masa wannan?"

Ya ɗago kai ya dube ta.

"Shi ya jawo ni waje, Inna. Direbanmu ne. Da wuta ta kama, ya fitar da ni, ya koma ɗauko ɗayan abokin aikinmu. Bai fito ba."

Yalwa ta nemi garu ta dafa.

"Mahaifiyarsa ce ke kira na ran Lahadi in ta taso daga coci. Ba ta ga gawarsa ba, a can aka binne shi. Abu biyu take tambaya ta kullum. A ina yake zama a cikin motar? Kuma wace irin ƙasa ce ya kwanta a cikinta? Na yi kwatance har na gaji, baki ya kasa. Shi ne na ce bari in yi mata ta gani."

Ya nuna teburin. Tankar gunduwa-gunduwa ta zo a kwali, ta roba, ta fi guda ɗari uku, shi ya haɗa su ɗaya bayan ɗaya da matsefata da gam. Gam ɗin ne mai warin. Da ya gama ya shafa fenti sai ta fito tana ƙyalli kamar motar amarya.

"Bitrus bai taɓa tuƙa mai ƙyalli ba. In na kai mata haka na yi mata ƙarya."

Gishirin, barbaɗa shi yake yi a jiƙe, ya bi da fenti a kai, in ya bushe ya kankare, sai wurin ya fito kamar fenti ya ɓare da kansa. Ruwan ƙusa da lemon tsami shi ne tsatsar. Kwallin yana goga shi a inda hannu da takalmi suka saba taɓawa har ƙarfe ya yi sheƙi. Gashin akuya kuwa buroshi ya yi da shi, don na kanti ya yi wa idon Bitrus kauri.

"Ƙasar ƙofar su Lantana fa?"

"Nan ne kawai ruwa ke kwanciya ya bushe ya tsattsage irin na can. Da ita nake gwaji, don kada in ɓata ta gaskiyar. Ta gaskiyar daga takalmina na dama na kankaro ta. Ita ke nan gare ni. Yau na ce zan sa ta a sarƙar, jibi Asabar in kai mata."

Yalwa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Inna, ƙofar nan ko sakata babu. Wata huɗu ina jin tafiyarki, ki zo bakin labule ki tsaya, ki koma. Kullum ina cewa yau za ta ce, me kake yi?"



Ta juya ta fita da sauri, har tana tuntuɓe da bokiti. Ya ɗauka kuka ta tafi yi.

Ɗakinta ta shiga. Ta janyo adaka, ta watso atamfofi da kwanukan da ta yi shekaru tana adanawa, ta kai hannu can ƙasa.

Ta dawo ta ajiye ƙunshin a kan cinyarsa.

Ya kwance tsohon zanin. Takalmin hagu. Taɓon na nan yadda yake, baƙi, ya cika ramukan ƙasan takalmin, ya hau har wajen igiya.

Ya daɗe yana kallonsa.

"Na ɗauka tare da ƙafar aka jefar da shi."

"Ni na ɓoye. Don kada ka gani."

"Ai wannan ya fi na daman yawa. Da shi na fara taka ƙasa."

Ba ta san lokacin da ta zauna a tabarmar ɗakin ba. Ya riƙa ɓanɓaro taɓon da tsinke, ita tana murje shi a tafin hannu tana tankaɗewa da rariyar tata a kan faifai. Ya dama gam da ruwa ya shafa a sarƙar, ya ɗebi garin da ɗan yatsa yana barbaɗawa, yana hurawa.

Tana kallo, har bakinta ya suɓuce.

"Bakin bindigar nan baƙinsa bai yi ba. Hayaƙi ba ya kama abu da layi haka. Bari in kankaro maka na gindin tukunya."

Ya dube ta ta gefen ido. Rabon da ta ga haƙoransa tun kafin ya tafi daji.

Ana cikin haka aka kira la'asar. Ba a jima ba sai ga ƙarar keke mai ƙafa uku ta tsaya a ƙofar gida. Sai sallamar Sabi'u, da wasu muryoyi biyu masu kauri.

Rariyar ta faɗi daga hannunta.

"Su wane ne, Inna?"

Ta so ta ce baƙi ne. Amma ta riga ta ga abin da shiru ya jawo mata yau.

"Kawunka ne. Da mutanen gidan mari. Ni na je na same shi."

Ya dubi ƙafarsa guda ɗaya, ya dube ta. Wannan kallon, ta ce har ta koma ga Allah ba za ta manta da shi ba.

Ta tashi ta fita zaure, ko hannu ba ta wanke ba.

Sabi'u na tsaye, ƙarti biyu a bayansa. Kan Lantana kuma ya leƙo ta saman garu, wai shanya take kwashewa.

"Ya dawo? Ina kayan nasa?"

"Yaya, ku yi haƙuri ku koma. Munzali yana aiki. Ba inda za shi."

Sabi'u ya yi sororo. Shi ya raɗa wa yaron suna da bakinsa, amma bai taɓa jin sa a bakin ƙanwarsa ba.

"Wa kika ce?"

"Munzali. Ɗana."

"To mutanen nan da na taso tun daga bayan gari fa? Haka za su koma hannu rabbana?"

"In dole sai sun tafi da wani, ga ni. Ni ce na yi wata huɗu ina ganin abin da babu."

Ta ɗaga kai wajen garu.

"Ke kuma Lantana, ki ce wa Malam ya taka ƙasa da ƙarfinsa. Ba sawunsa ake so ba, taɓon ƙofarku ne. Ku riƙa gyara kwatarku."

Kan ya nutse.

Ran Asabar ba shi kaɗai ya tafi ba. Mai sanduna biyu da wane hannu zai riƙe kwali? Yalwa ce ta ɗora shi a cinya, tafiyar awa huɗu, kowane rami motar ta faɗa sai ta ɗaga shi sama kamar jariri.

Mahaifiyar Bitrus, Mama Rifkatu, ta tarbe su a ƙofa. Aka buɗe kwalin a tsakar ɗakinta.

Munzali ya nuna 'yar ƙofar gaba. "Nan yake zama, Mama."

Ta sunkuya ta daɗe tana kallon ɗan mutumin mai gashin baki. Sannan ta kai yatsa ta taɓa sarƙar a hankali, ta ɗago ta dubi abin da ya manne mata.

"Ashe baƙa ce," ta ce. "Ni duk ja nake gani a mafarki."

Ba ta goge yatsan ba. Yalwa ta matsa kusa ta riƙe mata ɗaya hannun.

Darasi:

'Yan uwana iyaye mata, kunya ado ce, ban ce a yar ba. Amma Yalwa ta saurari maƙwabciya, ta taka har gidan yayanta, ta wanke amanar wata uwa ta bi kwata, saura ƙiris ta sa a ɗaure ƙafa ɗayan da ta rage wa ɗanta. Duk don ta kasa ɗaga labule ta faɗi kalma uku: me kake yi?

Ita Allah Ya taimake ta akwai takalmi na biyu a adaka. Ba kowa ke da shi ba.

In akwai ƙofar da kike zuwa ki tsaya ki koma a gidanki, yau ki shiga.

Ki tura wa wata uwar da kika san hankalinta ba a kwance yake ba, tun kafin ta ɗauki bokiti.